Delyth da Tudun Kotu

Tun da aka huda sunan Delyth Probert da allura a fada, alamar ita ce Sherif, wato wakiliyar fada, ta gundumarsu a bana, ba a da zance sai na tudun kotu. Bisa al'ada, Sherif ne ke takawa a gaban babban alƙali daga coci zuwa kotun da ke saman tudun, ranar bikin buɗe zaman shari'a. Delyth kuwa ƙafarta ta hagu ta roba ce, tun da tarakta ta kife da ita tana budurwa.

Dattijo Tudge, mataimakin da ya yi wa Sherif da yawa hidima, ya same ta a garken tumakinta.

"Ranki ya daɗe, a kawo mota. Babu mai ganin laifinki."

"Mista Tudge, Sherif na dā sojoji yake tarawa, ya bi ɓarayi har daji. Yanzu tafiyar nan kaɗai ta rage mana. Ita ma in bar wa mota?"

Ranar bikin ta sa rigar karan-miski da hula mai gashin jimina, sai takalman sarauta masu maɗaurin azurfa suka ƙi shiga ƙafar roba. Yayanta Emrys ya tsaya yana dariya.

"Yaya, dariya za ka yi ko taimako?"

"Duka biyun, autarmu."

Ya ɓalle azurfar, ya ɗaure ta da waya a kan takalmanta na gona, ya goge taɓon da hannun rigarsa.

Aka fito ana yayyafi. Da suka kai tsakiyar tudu dungulmin ƙafarta ya fara yi mata zafi kamar an ɗora garwashi. Ta ga motar da Tudge ya ɓoye a lungu, ƙofa a buɗe. Ta kau da kai. Ta rage sauri, ta koma irin takun da take bin tumaki da shi a kan dutse, ta ci gaba da hawa ba tsayawa.

Sai ta ji haki a bayanta.

"Madam Sherif," in ji alƙali, hular gashinsa ta shari'a ta karkace, "ki ji tausayin tsoho, ki jira ni."

Manoman da suka yi layi a bakin titi suka kwashe da dariya da tafi. Delyth ta tsaya a matakalar kotu har ya iso, ta miƙa masa hannu.

"Ranka ya daɗe, akwai mota a lungu in za ka koma."