Kalmar da Ta Kai Dijatu Filinge

Ranar Lahadi da hantsi saƙon ya shigo, Dijatu tana tsakar gida tana sheƙar gero. An riga an gama kaka, rumbunan ƙauyensu da ke gabas da Tabla duk sun cika. Ta ji salula ta yi ƙara a cikin ƙwaryar da take ajiye ta, ta karkaɗe hannu da sauri, don ta ɗauka muryar Zaidu ce.

Zaidu shi ne autanta. Shekararsa huɗu ke nan a Amurka. Tun yana ƙarami Allah ya ba shi tsawo da manyan hannuwa, har ya zama mai tsaron gida a wata ƙungiyar ƙwallo a Yamai. A can wani baƙo ya gan shi, aka nema masa wurin karatu a wata jami'a inda zai riƙa yi musu wasa. Dijatu ba ta iya karatu ba, saboda haka duk mako murya yake aiko mata, ta saurara sau uku ko huɗu kafin ta mayar da amsa.

Yau ba murya ba ce. Rubutu ne daga wata baƙuwar lamba, a ƙarƙashinsa wani hoto dishi-dishi, da ɗan zobe a tsakiya yana ta juyawa ya ƙi buɗewa. Ta ɗaga salular sama, ta je bakin danga inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, zoben bai daina juyawa ba. Ta yafa gyale ta nufi gidan Mushe Yahaya.

Mushe Yahaya, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, tsohon daraktan lekol ne, wato makarantar firamare, da ya yi ritaya, kuma abokin marigayi mijinta. Ta same shi a ƙarƙashin itacen bedi yana gyaran igiyar guga. Bayan gaisuwa ya sa tabarau, ya karɓi salular ya nisanta ta da fuskarsa.

"Wanga ba Faransanci ba ne, Dije. Ingilishi ne. Kalma uku ce kawai. Ta farko sunan ɗanki, ta biyu na san ta, tana nufin wani abu ya same shi. Ta ukun ce ban sani ba."

"Mi ya same shi?"

"Ki dakata."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙamus na Ingilishi da Faransanci, bangonsa ya ɗaye an ɗinke shi da zare. Ya lashi yatsa yana buɗe shafuka, bakinsa yana motsi, har ya tsaya a kan kalmar. Ya karanta ta a hankali, draft. Yatsansa yana gangarawa ƙasa, yana gangarawa, bai kai ƙarshe ba.

"Ikon Allah," in ji shi. "Kalma guda ta cinye rabin shafi."

Ya fara fassara mata ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, rubutun gwaji da ɗan makaranta ke yi kafin ya kwafe mai kyau. Dijatu ta ce to ko jarrabawa ya ci? Mushe ya girgiza kai, ya ce ba takarda aka ce ba, shi kansa aka ce. Ta biyu, iskar da ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa ta sa mutum mura. Ta uku, dabbar da ke jan garma ko amalanke. Akwai zurfin da jirgin ruwa ke nutsewa idan an yi masa lodi. Akwai kurɓi guda na abin sha. Har wasan dara ya gani a gefe, da ɗan bambancin rubutu.

Dijatu ta kusa yin dariya. "Mushe, ɗana ba sa ba ne, ba jirgi ba ne."

Shi bai yi dariya ba. Yatsansa ya tsaya wuri guda. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Faɗa mini," in ji ta.

"Akwai guda da ake faɗa a kan mutum, kuma a kan saurayi. An rubuta a gefenta cewa a Amurka aka fi faɗinta." Ya ɗago kai ya dube ta. "Kamun soja. A ɗauki matashi a sa shi aikin soja, ko yana so ko ba ya so."

Dijatu ta zauna a ƙasa, ba ta ma ga tabarmar da ke kusa da ita ba. A ƙasarsu ta Kurfai babu gidan da bai san wannan magana ba. Kakanta Buba, zamanin Faransawa aka kira shi Filinge tare da samarin ƙauyuka, likita ya duba haƙoransu da ƙirjinsu, aka zaɓi dogaye aka loda a mota. Bai dawo ba, ba a kuma taɓa cewa ya mutu ba. Dijatu ta tashi a ɗakin matarsa Mas'uda, ta san yadda tsohuwar take ajiye muciya ta kasa kunne duk lokacin da babbar mota ta wuce. Zaidu kuwa tsawon Buba ya ɗauko, kowa ya faɗa.

"Ban ce haka ne ba," in ji Mushe Yahaya da sauri. "Shi ba ɗan ƙasarsu ba ne, ban ga yadda za su kama shi ba. Kuma littafin nan ya girmi ɗanki. Ki tahi Filinge, yau kasuwa, ba ki rasa abin hawa. Ki tambayi gidan Madam Latifa mai koyar da Ingilishi a lise, babbar sakandaren garin. Ɗiyar makarantata ce. Ki ce ni na aiko ki."

Ta kira lambar Zaidu sau biyu kafin ta bar wurin, a kashe take.

Kabu-kabu ta hau. Hanyar ta bi ta cikin kwarin dallol, tsohon kogin da ya ƙafe, gawo da goriba suna wucewa ta gefe, amalanken shanu da na jakuna suna ta tururuwa zuwa kasuwa da dammunan gero. Ta bi wannan hanya fiye da sau ɗari, amma yau da suka wuce wasu bijimai biyu suna jan kaya, wuyansu a sunkuye ƙarƙashin karkiya, sai ta kau da kai. Salati kawai take yi, salular tana damƙe a hannunta cikin gyale.

Madam Latifa tana wanki a tsakar gidanta lokacin da Dijatu ta yi sallama. Mace ce 'yar shekara talatin da wani abu, siririya, mai saurin magana. Ta kawo ruwa, ta shimfiɗa tabarma, amma Dijatu ba ta taɓa ruwan ba, ta miƙa mata salular.

"Ɗiyata, ki duba mini. Mushe Yahaya ya ce ko kamun soja ne."

Latifa ta tsane hannu a zaninta ta karanta. Ta ɗago kai.

"Inna, mi ɗanki yake yi a can?"

"Karatu. Da ƙwallo. Shi ke tsare musu gida."

Fuskar Latifa ta canza. Ta rufe baki da hannu, ta ce, "Inna, ki sha ruwanki. Ba soja ba ne. Wallahi ba soja ba ne. Bari hoton ya buɗe ki gani da idonki."

Gidan yana kusa da dogon ƙarfen rezo. Zoben ya juya sau biyu ya ɓace. Ashe ba hoto ba ne, bidiyo ne. Suka haɗa kai a inuwar katanga suna kallo.

Wani babban ɗaki ne mai haske, cike da samari, farare da baƙaƙe, duk da riga iri ɗaya. Suna zaune suna kallon wata talabijin mai faɗin ƙofar zaure. A tsakiyarsu ga Zaidu, ya fi kowa tsawo ko a zaune, ya haɗa manyan hannuwansa ya ɗora haɓa a kai, ƙafarsa tana rawa yadda take yi tun yana ƙarami idan yana jiran abu. A cikin talabijin wani mutum mai kwat ya buɗe takarda ya yi magana. Dijatu ba ta ji komai ba sai abu biyu. Ta ji sunan ɗanta da na ubansa, Zaidu Ibrah. Sannan ta ji mutumin ya lanƙwasa harshe da ƙyar ya ce Filinge.

Ɗakin ya fashe da ihu. Samarin suka yi tsalle suka rufe Zaidu, wani ya hau bayansa, wani dattijo mai furfura da hular hana-salla yana ta bubbuga kafaɗarsa yana share ido. Zaidu ya zame daga cikinsu, ya juya wata kusurwa, ya kai goshinsa ƙasa. Duk suka ja baya suka ba shi wuri. A nan bidiyon ya ƙare.

Dijatu ta ƙura wa salular ido. Can ta ce, "Sake."

Latifa ta sake. Sai a kallo na uku Dijatu ta iya tambaya, "Mi anka yi mishi?"

"Zaɓensa anka yi, Inna. A can, sau ɗaya a shekara manyan ƙungiyoyin ƙwallo suna zama, a jera musu sunayen samarin da sunka gama jami'a, ɗaruruwa. Kowace ƙungiya ta jira layinta ya zo, ta ɗauki wanda ta fi so. Shi ma draft suke ce mishi. Ɗanki wata ƙungiya ta ɗauka. Ƙwallo ta zama aikinsa ke nan. Wancan dattijon, ina jin shi ne mai horar da su, shi ya aiko miki da saƙon."

"Kuma kalmar guda ce da ta kamun soja?"

"Guda ce."

"Da ta shanun huɗa? Da iskar ƙofa?"

Latifa ta yi dariya. "Ashe Mushe ya karanta miki duka. Nima da ina jami'a sai da ta ruɗa ni. Wani malaminmu ya ce mu daina haddace su ɗaya-ɗaya, mu dubi tushen. Tushenta ja ne. Sa yana jan garma. Iska, ɗaki ne ke jawo ta. Mai rubutu yana jan layi a takarda. Mai sha yana jan ruwa. Soja kuwa, jawo shi ake daga cikin jama'a."

Dijatu ta juya maganar a ranta. A hankali ta ce, "To ai mu ma haka muke. Muna jan ruwa a rijiya, muna jan numfashi. A ja wa mutum kunne. Liman ya ja salla." Ta dubi Latifa kamar yau ta fara jin bakinta na Hausa. "Shekarata sittin ina faɗinsu, ban taɓa lura abu guda ba ne."

"Ni kaina sai yanzu da kika faɗa," in ji Latifa.

Amma akwai sauran abu a ran Dijatu. Ta matso, ta rage murya. "Ɗiyata, ki gaya mini gaskiya. Wanga ja da anka yi mishi, in ya ce ba ya so, suna ƙyale shi?"

"Suna ƙyale shi, Inna. Sai ya yarda ya sa hannu."

Sai a lokacin Dijatu ta ɗauki kofin ruwan ta shanye shi tas, hawaye suna gangarowa ba ta damu da share su ba.

Latifa ta hana ta tafiya. Ta ce yanzu asuba ce a can, in gari ya waye musu zai kira, kuma gara ya same ta inda rezo ke da ƙarfi. Suka ci dambu da zogale, suka yi azahar. Suna shanya sauran wankin tare salular ta yi ƙara. Latifa ta duba ta ce kiran bidiyo ne, ta danna ta miƙa mata.

Fuskar Zaidu ta cika gilashin, idanunsa sun kumbura da barci. Shekara huɗu Dijatu ba ta gan shi yana motsi yana magana da ita ido da ido ba, don rezon ƙauye ba ya ɗaukar irin wannan kira.

"Inna! Ina kike haka? Wanga ba gidanmu ba ne."

"Ina Filinge, Auta. Kalmarku ta kawo ni."

Ta ba shi labari, da ƙamus da kabu-kabu da komai. Ya dafe kai. Ya ce kira ya yi masa yawa jiya har salularsa ta mutu, shi ne ya roƙi mai horar da su ya tura mata bidiyon, bai san zai haɗa da rubutu ba. Ya yi ta ba ta haƙuri. Ta ce ya bari, ta sa masa albarka, ta ce ya riƙe salla, ya kuma gaida dattijon nan mai furfura, ta ga yadda ya yi kuka saboda ɗan wani.

"Inna, tsaya in gwada miki wani abu," in ji shi.

Ya tashi, hoton ya girgiza, ya ja labule ya juya salular waje. Dijatu ta ga titi da itatuwa marasa ganye da motoci a jere, komai fari fat. Daga sama wani abu yana saukowa a hankali, ba ƙara, ba gaggawa, kamar an farke matashin audugar rimi a sararin sama.

"Mi ne wannan?"

"Ƙanƙara ce, Inna, mai laushi. Haka ruwansu yake sauka in sanyi ya yi. Tun jiya take zuba."

Latifa ta bar zanin da ke hannunta ta leƙo ta kafaɗarta. Rana tana dukan katangar gidan, daga nesa ana jin hayaniyar kasuwa da kukan raƙuma. Dijatu ta riƙe salular da hannu biyu.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji ta. "Auta, kar ka juya tukuna. Bar ni in gani."