Hira a Matakalar Baya

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma shekara talatin da huɗu na yi ina masinja, kuma na ga bayan manajoji tara. Sau uku ana rage ma'aikata, masu digiri suna fita da kwali a ka, ni ina kan bencina ina yi musu Allah ya kiyaye hanya. Saboda haka ranar da jikata ta shigo ta yar da jaka ta fashe da kuka, na san magana ta zo gidan mai ita.

Aku muke ce mata, don tun tana goye bakinta bai huta ba. Gidan rediyo ne suka ɗauke su gwaji su uku, kujera kuwa ɗaya. Aka ce kowa ya kawo hira da ƙwararren ma'aikaci, kan yadda ya kai inda ya kai da yadda ake isar da magana a wurin aiki. Wanda hirarsa ta fi, shi za a riƙe. Ita da ɗaukar dala ba gammo, ta ce sai shugabar injiniyoyin wani kamfanin haɗa injin ban ruwa. Wa'adi Alhamis da la'asar, ga Laraba ta raba.

"Zuwana huɗu, Kaka. Wasiƙa uku na kai. Kullum sakatare sai ya ce tana mitin."

"Da ya faɗa, ya duba agogo?"

"Ko kai bai ɗaga ba."

"To tana ciki. Karanto min wasiƙar."

Shafi biyu cur. Kafin ta gama gabatar da kanta na fara gyangyaɗi. Na ce wannan ai maganin barci ne. Ta tura baki ta ce, "Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, tsoho?"

"Ban iya ba. Shi ya sa duk saƙon da aka ba ni a ka nake ɗauka, kuma kai ba ya ɗaukar tarkace. Wace ce ke, me kike so, minti nawa. In ya wuce numfashi ɗaya, rage shi."

Muka yi ta yi a tsakar gida, ni ne shugaba, ita mai roƙo. Sau goma sha ɗaya ina korar ta. Uwarta tana wanke-wanke tana cewa, "Baba, ka bar min 'ya ta huta." A na sha biyu na ce ta samu.

Da safe na sa rigata mai aljihu huɗu, na ɗauki sanda. Da muka shiga kamfanin Aku ta nufi teburin sakatare, na jawo mayafinta. A ƙarshen baranda, kusa da na'urar kashe gobara, ga benci, ga wani mai furfura a kai da fayil a cinya. Ko a duhu na san ɗan'uwana masinja. Na zauna, muka gaisa, na tambayi gajiya, na tambayi gwiwa, na tambayi hawa nawa yake yi a rana. Ya ce tun da ya kama aiki ba wanda ya taɓa tambayarsa. Sai da muka zagi matakala son ranmu, sannan na ce, "Uwar ɗakin naka ta ina take shan iska?"

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ofis ba ta ganin kowa. Amma sha ɗaya daidai tana sauka ta matakalar baya ta duba masu walda. Ni dai ban ce komai ba."

"Ni ma kunnena ya daɗe da mutuwa."

Sha ɗaya saura muna tsaye a kwanar matakala, inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Sai ga takun takalmi mai nauyi. Mace ce gajera, da hular kwano a hannu, tana saukowa kamar ana bin ta. Aku ta tsaya kallo. Na ɗan taka mata yatsa da sanda.

"Ranki ya daɗe, ni ɗalibar gwaji ce a gidan rediyo, ina roƙon minti biyar kan aikinki, in ban samu yau ba kujerar ta wuce ni."

Matar ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ta dubi Aku, ta dube ni.

"Baba, kai fa?"

"Ni rakiya ce, ranki ya daɗe. Kurma ne ma."

"Minti biyar. Biyo ni, ina tafe kina tambaya."

Muka shiga wurin walda, ƙarfe na kuka, wuta na tartsatsi. Aku ta kunna rikoda, ta zaro takarda ta fara karanto tambayoyi. Mene ne sirrin nasara? Haƙuri da aiki tuƙuru. Mene ne muhimmancin sadarwa? Yana da muhimmanci ƙwarai. Irin wannan amsar ko akuya aka tara wa makirufo za ta bayar. Minti uku sun tafi. Na yi niyyar sa baki, sai na ga yarinyar ta ninke takardar ta cusa a jaka.

"Ranki ya daɗe, kakana ya ce rabin aikinsa na masinja wanke saƙo ne. A ce masa je ka gaya wa wancan jakin, shi kuma ya je ya ce manaja na gaisuwa. Ke an taɓa wanke miki saƙo?"

Matar ta tuntsire da dariya har masu walda suka ɗaga gilashi. Ta jawo mu wani ɗan ɗaki, ta rufe ƙofa. Ta ce shekararta ta farko, tana ji da takardarta, ta aika wa shugaban leburori cewa in bai iya aiki ba ya koma gona. Masinja ya je ya ce injiniya na neman shawararsa. Sai ga dattijo ya zo da fara'a, ya nuna mata kuskuren da ke cikin zanenta, wanda da an bi shi da injin arba'in sun lalace. Ta ce sai bayan shekara shida ta san abin da aka yi mata. Daga nan bakinta ya buɗe: yadda ta fara da sharar wurin walda, ranar da aka hana ta ƙarin girma, dalilin da ya sa ba ta tura saƙo in ranta a ɓace. Minti biyar suka zama arba'in, sakatare na leƙowa tana korar shi da hannu.

Ranar Asabar aka sa hirar. Na fito da rediyo ƙofar gida, na ƙure murya, na aika aka kira min tela da mai faci da duk wanda ya taɓa ce min jahili. Ana gamawa wayar Aku ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce na gode sau uku, ta durƙusa a gabana tana hawaye.

"Litinin zan fara, Kaka."

Tela ya ce, "Yarinya ta yi ƙoƙari."

Na ce, "Ta yi. Amma ka ji wanda aka ambata a rediyo ko ba ka ji ba? Matso min da kujerar nan, in ba ku labarin manaja na huɗu."