Muryar Da Na Ara Wa Gawa

…kuma har yanzu bai daina caccakar gilashin ba. Ƙwas, ƙwas, a kan akwatin gawarka, daidai saitin goshinka, Tay, babana. Ɗan tsako na uku ke nan. Na farko zafi ya kashe shi, na biyu kyanwar maƙwabta ta yi gaba da shi, ƙaninka Tiyo Berting ya aika kasuwa aka sayo wani mai irin launin kafin mutane su taso daga coci. Wa zai gane? Ni ce mai zuba masa ƙwayar shinkafa. Ni ce mai goge kashinsa daga saitin fuskarka da bakin hankici.

Kwana goma sha shida kana kwance a falo. Goma sha shida, cikin zafin Mayu.

Yau zan faɗa mata. Kafin a ɗaga akwatin nan zan ja Nanay, uwata, ɗaki in ce mata muryar da ke cikin wayarta ba ta mijinta ba ce. Jiya ma haka na ce. Shekaranjiya ma…

Ko yaron goye a garin nan ya san abin da tsako a kan akwatin gawa yake nufi — kashe mutumin aka yi, kuma duk caccaka ɗaya a zuciyar wanda ya yi kisan take sauka. To wa ya kashe ka? Ni fa ina wurin. Ni kaɗai ce a wurin. Tsakar rana, ka dawo daga yawon neman ƙuri'a gida-gida, rigarka sharkaf da gumi, ka zauna gaban kwanon lomi, taliyar tana tururi, ka ce in miƙo maka lemun tsami. Na juya. Na juyo. Shi ke nan. Likita ya ce zuciya ce. Shekara uku yana gaya maka zuciya ce, kai kuma kana cewa likitan nan ɗan adawa ne, shi ya sa yake son raba ka da kitse.

"Wa ya ce kashe shi aka yi, Ning? Kin ji na ce? Tsuntsu ne fa. Yanzu laifi ne mutum ya ajiye tsuntsu a gidan wansa?" — haka Tiyo yake cewa, ta hanci, yana jan wando sama da gwiwar hannu. Na iya kwaikwayonsa. Tun ina shekara bakwai na iya ƙanin nan naka, har da yadda yake tsotsar haƙori kafin ya ambaci sunan Allah. Na iya Fadan cocinmu. Na iya mai tallan kifi, na taɓa fito da matan layinmu su huɗu da kwanuka a hannu suna waige-waige, ni ina bayan tankin ruwa ina toshe baki. Kai ka fi kowa dariya. Kai kake ɗora ni kan tebur ranar bikin waliyyin gari. "Yi musu ni, Ningning! Yi musu ubanki yana roƙon ƙuri'a!"

Ga ta nan kuma. Motar. Tun daga kwanar gidan burodi ake jin lasifikar.

"Medy… in wani abu ya same ni, kar ki bar mutanen nan. Kin fi ni haƙuri, kin fi ni kai. Ki ƙarasa min." Tari biyu. Sai kiɗa.

Matan da ke ƙarƙashin rumfa sun sake fashewa. Sau nawa a yini? Ba sa gajiya ne? Kai suke wa kuka, amma maƙogwarona ne. Maƙogwarona ne yake zagaya unguwa goma sha ɗaya a kan motar ɗaukar rake tun bakwai na safe.

Ba da niyya na fara ba — ka san ba da niyya ba ne. Kwana biyu da rasuwarka, ina kicin, kofuna tuli guda, sai kawai bakina ya buɗe yadda kake kiran Nanay: "Medy, wannan kofi ne ko ruwan wanke kwano?" Don in ji ka ne. Don kicin ɗin ya yi shiru da yawa. Na ɗago, ga Tiyo a bakin ƙofa. Bai yi dariya ba. Kallona yake kamar mai tayin saniya, daga sama har ƙasa, ya dawo ya tsaya a wuya.

An riga an buga takardun ƙuri'a. DIMAANO, sunan gidanmu, lamba ɗaya, kujerar magajin gari. In ɗan takara ya mutu, wani mai sunan gidansu yana iya shiga gurbinsa, duk wanda ya zaɓi gawa sai a rubuta wa mai rai. Tiyo ma ai Dimaano ne, amma ya san garin nan ya san shi. Matar mamaci ake so. Mai fararen kaya, mai kumburarrun idanu. Nanay — shekara ashirin da shida tana koyar da 'yan aji biyu, ko karatun Lahadi aka ba ta a coci sai ta nemi wanda zai karɓar mata. "Berting, ka ƙyale ni in binne mijina." Sau uku ta faɗa. Ba ci, ba sha, tana zaune a kujerar nan da nake kai yanzu.

"Don uwarki ne kawai, Ning. Ita kaɗai za ta ji. Ko loma biyu ta samu ta jefa a cikinta. So kike mu yi gawa biyu?"

Cikin motarsa muka ɗauki muryar a waya, gilasai a rufe, an kashe na'urar sanyi don kar ƙararta ta shiga. Ya miƙo min takarda. Na karanta, na ce haba Tiyo, Tatay ba ya magana haka. "Al'ummata abar ƙaunata"? Wa ya taɓa jin Teryo Dimaano ya ce abar ƙaunata? Ba ni biro.

Ba ni biro. Ni na ce.

Ni na sa "kin fi ni haƙuri." Ni na sa tarin. Ɗauka ta uku ta yi, Tiyo har yana share ido, na ce a'a, numfashin bai zauna ba, a sake. Gumi yana bin bayana, ina saukar da murya can ƙasan ƙirji inda kake ajiye taka, kuma… na ji daɗi, Tay. Ga abin da ba zan iya kai wa Fada ba. Na ji daɗi. Ban taɓa yin ka da kyau kamar ranar ba.

Ya ce mata a wayarka aka samu. Ta saurara a tsaye. Ta saurara a zaune. Ta ce a zubo mata shinkafa. Da yamma ta sa hannu a takardar tsayawa takara, washegari tsako ya hau akwati, motoci suka hau titi.

In wani abu ya same ni. Wannan na Tiyo ne. Ko nawa ne? Na manta… Ga tsako, ga wannan magana, sauran kuwa mutanen gari suka ƙarasa da kansu. Guba ce. A abincin biki aka zuba. Wata ta ga wanda ya zuba. Wata har kwalbar ta gani, shuɗiya wai.

Ƙasan falon nan ɓawon 'ya'yan kankana ne har idon sawu, ba a shara sai an fita da gawa. Madubai duk an rufe su da zanen gado — gara ma. Mai gyaran gawa ya sake zuwa ɗazu da 'yar jakarsa, zuwansa na huɗu, ya buɗe, ya ƙara hoda, ya ƙara jan baki. Leɓenka ya zama na wani. Ba ka da wannan murmushin. Na so in ce masa malam ba haka yake yi ba, gefen hagu kaɗai yake ɗagawa, sai na kama bakina. Ni da shi ai sana'armu ɗaya.

Me ya hana a binne ka a kwana na biyar kamar kowa? "Ana jiran 'yan'uwa daga Italiya." Wane ɗan'uwa? Asabar ake jira. Yau. Ranar ƙarshe ta kamfe, jibi zaɓe. Daga nan zuwa coci tafiyar minti biyar ce a ƙafa, amma an zana maka hanya ta unguwa goma sha ɗaya, ta kasuwa, ta dandali, ta gaban gidan…

Ta gaban gidan Ninong Rufing.

Shi ne MARASIGAN, lamba biyu. Zaɓe uku kuna karawa, kai da shi. Ranar Asabar ka hau dandali ka ce ko akuya ba za a ba shi kiwo ba, ranar Lahadi bayan coci kuna tebur ɗaya kuna gardamar zakarun faɗa. Shi ya riƙe ni ranar baftisma. Shi ya koya min hawa keke, yana gudu a bayana da tumbinsa. Ya zo a kwana na shida, shi kaɗai, a ƙafa, hula a hannu. Wani ya jefe shi da silifas. "Mai kisa! Ka zo ganin aikinka?" Bai waiga ba. Ya daɗe tsaye a kanka, yana kallon tsako, tsako yana kallonsa. Ba a raka baƙon makoki, don haka shi kaɗai ya nufi ƙofa, ya iske ni wajen filas ɗin kofi, ya sunkuyo kamar zai ɗauki biskit.

"'Yata, tarin ya yi yawa. Sau ɗaya ubanki yake yi. Shi ma sai in zai yi ƙarya."

Ya sa hularsa ya tafi. Kwana goma ke nan. Shi ma yana da lasifika, yana da motoci — bai gaya wa kowa ba. Don ni? Don kai? Ko don ya san ba mai yarda? Jiya an farfasa masa tagogi. An fitar da jikokinsa zuwa birni a bayan mota, a kwance, an lulluɓe su da bargo cikin wannan zafin. Yau kuma mutum dubu cikin fararen riguna masu hotonka za su tsaya a ƙofarsa, da akwati, da tsako, da muryata… "Minti ɗaya kawai za a tsaya, Ning. Addu'a ce. Laifi ne a yi addu'a a titi?" Haka Tiyo ya ce. Na kuwa ga samarin da ya tara a bayan gida. Na ga aljihunsu. Ba carbi ne ya yi wannan nauyin ba.

Nanay ce kaɗai za ta ce a bi gajeriyar hanya a bi. Ita ce 'yar takara. In ta miƙa hannu ta sauke tsuntsun nan a gaban jama'a, wa zai mayar?

Nay, ni ce. Nay, muryar nan… Nay, zauna tukuna. Na gwada ta hanya ashirin. Na iya muryar kowa a garin nan, amma in na zo nan sai in rasa da wacce zan faɗa. Tawa ba ta da nauyi. Tawa ta tsokana ce, ko gobara na ce ta tashi sai a ce Ningning ta fara.

Kuma me zan bar mata in na karɓe wannan? A cikin rigarta take ajiye wayar. Ranar nan ina taje mata kai ta ce, shekara ashirin da tara bai taɓa cewa na fi shi komai ba, sai da ya zo tafiya. Tana murmushi ta faɗa. Ni zan ce mata bai ce ba? Har ya mutu bai ce ba, lemun tsami ya nema?

'Yan badujala sun fara gwada ƙahonninsu. Maza shida sun shigo suna naɗe hannun riga. Tsofaffin mata sun taso — "Kar hawaye ya ɗiga a gilashi! Zai yi masa nauyi a hanya!" — mai hoto kuma yana ta, "Madam ɗin fa? A kira Madam ta ɗan sunkuya a kansa, kaɗan dai…" Ga ta. Fararen kaya sol, rigar ta yi mata yawa. Tana ratso mutane, suna taɓa ta, suna sumbatar hannunta, ba ta tsaya ba. Ba akwatin ta nufa ba. Ni ta nufo.

Yanzu. Yanzu, Luningning. Tashi mana.

Ta kama wuyan hannuna. Yatsunta sanyi ƙalau. Ta ja ni lungun bayan furanni, inda ƙamshinsu ya fara komawa wari. Ta fito da wayar, na miƙa hannu in kunna mata kamar kullum — ta mayar da ita cikin riga.

Ba idona take kallo ba. Bakina.

"Ning." Can ƙasa-ƙasa. "Za su ɗauke shi yanzu. Ki ce min wani abu. Ba na takardar Berting ba. Abin da shi zai ce."

…

Tun yaushe? Tun jin farko? Matar da ta shekara goma sha biyar tana ƙwala min cokali a ka, bar kwaikwayon ubanki a kan abinci, mara kunya — ita na zaci zan… Wa na ruɗa, ashe? Ta sani, ta ci abinci. Ta sani, ta sa hannu. Ta sani, kuma kullum sai ta ce in kunna mata, ni, da yatsana, tana zaune kusa da ni tana saurare.

"Ning. Sun zo fa."

Maƙogwarona ya riga ya sauka da kansa, ban ma sa shi ba. Kana nan a shirye. Kalma kawai ake jira. Duk abin da na sa maka a baki yanzu shi za ta yi — in na ce Medy, a bi gajeriyar hanya, za a bi. In faɗa kawai mana. Me ya rage? Ƙarya ɗaya a kan ƙarya…

Amma abin da za ka ce ta tambaya. Me za ka ce, Tay? Za ka ce Rufing aminina ne, ku bar masa ƙofar gidansa? Ko za ka leƙa ta taga ka ga mutum dubu, taron da ba ka taɓa haɗawa ba kana da rai, ka shafa ƙeya ka ce Medy, jibi ne fa, jibi kawai, ki daure…

Ban sani ba. Duk rayuwata ina bin yadda kake magana, inda kake ja, inda kake yankewa, inda kake haɗiye rabin kalma. Yadda kake yi. Ban taɓa tsayawa in…

Ta ƙara matse hannuna. Mazan sun sunkuya, sun kama hannayen akwatin, wani yana ba su baki, ɗaya, biyu — bakina a buɗe yake, Tay. A buɗe. Tana jira. Na gaji… me za ka ce?