Daddawa a Kabonarar Jemima

Ni da aka yaye da miyar kuka, yau in na ji ƙamshin daddawa sai raina ya ɓaci. Japhet ne ya jawo min, ɗan Goggonmu, mutumin da aka ce wai ba a fushi da shi.

Ƙanwata Jemima ta samu aiki a kicin ɗin wani babban otal a Kano, kuma ba a sama ta tsince shi ba. Ta yi makarantar koyon girki tana raɓe a ɗakin wata 'yar cocinmu a Ungogo, ta bi adaidaita da sassafe, ta dawo da yamma ƙafa a kumbure. Da ta gama aka ɗauke ta gwaji, aka ce in watannin gwajin suka cika ba wata matsala za a tabbatar da ita. Saura ƙiris su cika. A gidanmu, can gabas da Minjibir, daga noma sai kiwo, babu wanda ya taɓa aikin albashi. Inna ko gaisuwar mutuwa ta je sai ta san yadda ta sako zancen otal.

Wata Asabar cikin damina Jemima ta zo gida. Gero ya kai ƙugu, zabi suna ta zuba ƙwai a gindin gamba. Ta zo da taliya da kilishi da wani cuku mai tauri, ta ce za ta dafa mana abin da masu kuɗi ke ci. Sunansa wai kabonara, abincin mutanen Italiya. Inna ta kafe sai ta sa farar rigar aikinta da hula, mai sunan otal a ƙirji, don maƙwabta su gani. Jemima ta ce ba a fita da ita, wanki kawai ta kawo ta. Inna ta ce tsakar gidan ubanta ai ba waje ba ne. Ta saka.

Tana fasa ƙwan zabi tana ba mu labari. Ta ce asalin abin taliya ce da gwaiduwar ƙwai da cuku da naman alade mai gishiri da wani baƙin yaji mai kama da masoro, shi ke nan. Ta ce mutanen can a kan wannan abincin sai su raba zumunci. Wanda ya zuba madara ya yi saɓo, wanda ya yanka albasa kuwa ba shi da tarbiyya. Ko a otal ɗinsu da naman sa ake yi saboda Kano ce, kuma in ɗan ƙasar ya zo ya ci, sai ya yi ta girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Goggo ta ce ita ta fahimce su sarai, don ranar da ta ga ɗan wake da kabeji da bama a wani bikin birni, kaɗan ya rage ta tashi ta bar wajen.

Tukunyar farko ta sauka. Babanmu Shago ya ɗanɗana, ya tauna a hankali, ya ce ba laifi, amma kamar an manta da miyar. Inna ta ce lami ne. Goggo ta shige ɗakin Inna ta fito da daddawa. Daga nan kowa ya zama gwani. Aka ɗora tukunya ta biyu, wannan ya kawo garin ƙuli-ƙuli, waccan ta tsinko zogale, Baba ya ce a kammala da man shanu. Jemima ta dafe kai tana dariya har da hawaye, tana roƙon mutanen Italiya gafara. In gaskiya za a bi, ta biyun ta fi ta farkon daɗi, har ƙanzon muka kankare.

Japhet yana nan duk abin nan, waya a hannu. Yana da rumfar cajin waya a kasuwar Minjibir, kuma tunda ya buɗe ta ya ɗauka shi ɗan jarida ne. Uwarsa da ubanmu ciki ɗaya suka fito, don haka taubashinmu ne ni da Jemima, abokin wasa tun muna tsirara. Shi ya sa mata suna 'Yar Ƙwailo, ita kuma ba ta taɓa kiransa komai ba sai Kunnen Faifai. Ya bi ta da wayar yana maƙale murya irin ta masu karanta labarai.

"Jama'a, ga babbar kukun otal ta tona mana asiri," in ji shi. "Abin da alhazan Kano ke ci da cokali mai yatsu ke nan. Ƙwan da aka tsinto a jeji, ruwan rijiya, da daddawar bara."

Ya haska sunan otal ɗin a ƙirjinta, ya juya ya haska akuyar Inna tana lasar murfin tukunya. Jemima ta kai masa duka da muciya, muka yi ta dariya. Babu wanda ya ce masa ya ɗora a intanet. Shi kuma bai ga dalilin tambayar kowa ba, tunda taubashiyarsa ce.

Tsakiyar mako Jemima ta kira ni, muryarta a bushe. Hoton ya zaga duniya. Wasu na dariya, wasu na zagi, waɗansu da ko taswirar Italiya ba su sani ba sun tashi kare mutuncin kabonara. Abin da ya fi muni, baƙi sun fara tambayar masu kai abinci ko da daddawa a ciki, wata mata ma ta mayar da faranti ta ce ba ta cin ragowar akuya. Shugaban kicin ɗin, Malam Abdulrashid, ya kira Jemima gefe. Ya ce shi Bahaushe ne, yana gani ya san wasan taubasai ne, har ya yi dariya. Amma manaja baƙo ne, kuma sunan otal ba shi da taubashi. Ya ce ya roƙa mata alfarma guda: wanda ya ɗora ya fito ya ce ƙarya ya yi, a gida aka dafa, ya ba ta haƙuri ya ba otal haƙuri, kafin ƙarshen mako. In an yi haka za ta ci gaba da aikinta.

Ko mayafi ban ɗauka ba. Na sami Japhet a gonar Goggo ana gayyar maimai, samari sun yi layi da fartanya. Na tsaya a bakin kunya na kira shi marar tunani, marar kunya, wanda kansa ba komai sai batir. Na ce ya kashe wa yarinya aiki don 'yan kallo su yi masa tafi. Sai gaba ɗaya gonar ta kwashe da dariya. Wani ya ce in ƙara masa, wani ya kira sunana ya ce yau Goodness da shirinta ta zo. Shi kuwa ya dogara da fartanya yana washe baki, ya ce zagin nawa ya yi lami, in je in zuba masa daddawa. Duk abin da na faɗa da gaske, wasa suka ji. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ina kuka suna cewa na iya wasan kwaikwayo.

Da yamma na tara su a ƙofar gida, Baba da Goggo da Inna da shi. Na faɗi saƙon Malam Abdulrashid dalla-dalla. Nan ne fa dariya ta ɗauke, amma ba don tausayin Jemima ba. Goggo ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin taubashi ya ba taubashi haƙuri ba, balle a gaban duniya. Ta ce ranar da ɗanta ya ce a yafe masa, ya amsa ke nan cewa zagi ya yi ba wasa ba, kuma in zagi ne to ita ce ta aiko shi ya zagi gidan yayanta. Na juya ga Baba. Na ɗauka zai tuna 'yarsa ce ta cikinsa. Sai ya ce maganar Goggo gaskiya ce, ba zai yanke abin da ya tarar iyayensa na yi ba saboda wani manaja da bai san hanyar garin nan ba. Ya ce in Jemima ta ji zafi, ta rama, ita ma ai tana da waya.

"Baba, aikinta fa," na ce.

"Aiki ana samun wani," ya ce. "Ƙanwa fa ita kaɗai gare ni."

Japhet ya ga idona, jikinsa ya ɗan yi sanyi. Ya ce a bar masa, zai gyara ba tare da ya ba kowa haƙuri ba. Zai sake wani hoton da duk mai hankali zai gane wasa ne. Na ce ya nuna min kafin ya ɗora. Ya ce to.

Bai nuna min ba. Washegari a wayar wata maƙwabciya na gani. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya haɗe rai, ya ce jama'a su yi masa uzuri, ya yi kuskure a bayaninsa na baya. Har na fara sauke ajiyar zuciya. Sai ya ɗago ƙullin kuka da na kanwa, ya ce kuskuren shi ne ya manta bai ambaci waɗannan ba, kuma akuyar an ƙara mata girma, yanzu ita ce mai ɗanɗano. Wai a tunaninsa in wasan ya yi yawa dole kowa ya gane wasa ne. A garinmu haka ne kuwa, har Goggo ta ce ai yanzu magana ta mutu. A Kano manaja ko kiran Jemima bai yi ba. Malam Abdulrashid ne ya karɓi rigar da hular, ya raka ta har bakin ƙofa yana ba ta haƙurin da ɗan'uwanta ya kasa ba ta.

Ta sauka a tashar Minjibir da jakarta, ɗan acaɓa ya kawo ta gida. Ba ta yi kuka ba. Ni ce dai nake ta banka kwanuka ina neman wanda zan huce a kansa. Na tanadi maganganun da zan taya ta faɗa wa Japhet, masu zafi, waɗanda ko kurma zai san ba wasa ba ne.

Da safe sai ga shi, tun daga zaure yana kiran ina kukun Italiya, ina 'Yar Ƙwailo. Jemima tana shara. Ta ajiye tsintsiyar, ta gyara ɗankwali, ta ɗauko sabuwar tabarmar baƙi ta shimfiɗa masa. Ta kawo ruwa a kwanon sha da murfinsa. Sannan ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye.

"Ina kwana, Yaya Japhet. An tashi lafiya? Ya damina? Ya Goggo ta kwana?"

Ya yi dariya shi kaɗai, ya waiwaya ko wani zai taya shi. Baba yana zaune a kan turmi yana gyara ƙotar fartanya, hannunsa ya tsaya. Inna ta juya ta shige ɗaki.

"Ke Jemima, mene ne haka?" in ji Japhet. "Ki zage ni mana."

"Wane ni," ta ce. "A gaida mutanen gida."

Ta tashi ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara. Ya daɗe a tsaye a gefen tabarmar, bai zauna ba, bai sha ruwan ba. Ana neman shekara ke nan yanzu, kullum suka haɗu haka take gaishe shi, a coci, a kasuwa, a bakin rijiya. Jiya ma Goggo ta zo tana hawaye, wai a roƙi Jemima ta dinga ko hararar ɗanta.