Gagarau a Ɗakin Bakin Titi

Duk wanda ya taɓa zama a tashar manyan motoci ya san Gagarau, in bai gan shi ba ya ji labarinsa. Shi ne tirela ta kife da shi a bakin gada ya fito yana kakkaɓe hula. Shi ne birki ya tsinke masa a gangara, mota cike da siminti, ya sauko da ita da giya kawai yana tauna gyaɗa. Bai taɓa zama a aji ba, amma babu hanyar da ta taɓa ɓatar da shi. 'Yan fashi sun tare shi, ruwa ya ci gada a gabansa, sa'o'insa duk sun riga shi gidan gaskiya, shi kuwa yana nan daram. Abu ɗaya ne ya iya sauke shi daga kan sitiyari, shi ma a ɓoye ya zo masa: yanar ido.

Autarsa, malamar makaranta, ita ta kawo shi babban birni, don an ce wani likitan ido ya sauka a asibiti zai yi 'yan kwanaki yana cire yana, in ya tafi kuma sai baɗi. Da safe nas ta naɗa masa abin awo a damtse, ta matsa, ta duba, ta taɓe baki.

"Baba, jininka ya hau. Likita ba ya taɓa ido a haka. Ga magani, ka je ka samu barci sosai, ku dawo da yamma. In ya sauka, gobe a yi aiki. In bai sauka ba, sai mu ba wani gurbinka."

"Jinina ne ya hau, ko abin naki ne ya tsorata da damtsena?"

Nas ta yi dariya. Auta ba ta yi ba.

Otal ɗin da ta kama musu yana tsakiyar gari, dab da asibitin, kuma ya girmi Gagarau kansa, abin da ba kowane gini ne zai iya tinƙaho da shi ba. A zamanin da ake barin manyan motoci su ratsa ta cikin gari, ya sha wucewa ta gabansa yana danna hon don masu shan shayi a baranda su san namiji ya wuce. Amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ciki ba sai yau. Ido ya ƙi nuna masa komai sai hazo, don haka hannu da hanci suka kama aiki. Ya shafa kantar katako da gwiwar hannun baƙi ta goge har ta yi santsi. Ya ji ƙanshin man goge daɓe da na tsohon labule. Aka miƙa masa makulli mai ƙatuwar tagulla a wuya, ya auna shi a tafin hannu ya ce da wannan ana iya kwance taya. Lif ɗin kuwa keji ne na ƙarfe, yana hawa yana nishi. Gagarau ya dafa shi ya ce, "Sannu, ɗan'uwa. Ni ma haka nake hawa yanzu."

Ɗakin yana can ƙurya ta baya, tagarsa na kallon lambu. Bango mai kauri, darduma mai haɗiye takun ƙafa, gado kamar an dama auduga da madara. Auta ta sha wahala kafin ta same shi, sai da ta yi ta roƙon manaja a waya tun kafin su taso.

"Baba, nan ko ƙuda ba za ka ji ba. Ka sha maganin, ka kwanta. Zan je in samo maka abinci marar gishiri. Don Allah kar in dawo in tarar kana ba wani labarin gada."

"Wa zan ba? Fanka?"

Ta ja labule, ta rufe ƙofa a hankali, ta tafi.

Gagarau ya kwanta. Ya juya dama, ya juya hagu. Ya cire matashi, ya mayar. Shiru ya sauko masa kamar an kifa masa kwano.

Abin da Auta ba ta sani ba, don ba ta taɓa kwana a hanya ba, shi ne direba ba ya barci a cikin shiru. Duk barcin kirkin da Gagarau ya yi a duniya, a kan kwali ya yi shi, ƙarƙashin mota, a tasha, inji na kuka a gefensa, makanikai na bugun ƙarfe, wani na zagin yaron motarsa. Wannan hayaniyar ce ke ce wa mutum kwanta, akwai jama'a, ba wanda zai taɓa maka kaya. Shiru kuwa sai in inji ya mutu a tsakiyar daji, kuma duk direban da ya rufe ido a irin wannan wuri bai tsufa ba balle ya ba da labari. Ko a gida, ɗakin Gagarau bango ɗaya ne ya raba shi da garejin masu walda. Auta ta jima tana cewa za ta canza masa ɗaki, a tunaninta wahala yake sha.

To ga shi yanzu a kan gadon manya, kunne a miƙe yana jiran abin da zai fito daga daji. Ba ya jin komai sai zuciyarsa, ita ma tana bugawa kamar fistin inji da ya kwance. Ya san in aka ɗaura masa abin nas a haka, sai baɗi. Shekara guda kuma cur ana riƙe masa hannu a tsallaka titi, shi da ya tsallaka ƙasashe.

Ya tashi, ya laluba takalmi, ya cusa makulli a aljihu. Bai nemi lif ba. Ya kama ƙarfen matakala ya bi shi ƙasa, kunnensa na ja masa gora zuwa inda ƙarar motoci ke ƙaruwa.

A zauren karɓar baƙi ya tarar da rigima. Wani mutum mai siririyar murya, wanda manaja ke ce wa Injiniya, ya kafa gwiwar hannu a kanta yana ƙorafi.

"Na rufe taga, na toshe kunne da auduga, a banza. Gobe zan tsaya gaban mutane in yi bayani, ko layi ɗaya ban rubuta ba. Akwai wani kwandasta a ƙasan tagata, tun safe abu ɗaya yake faɗa. Na haddace duk unguwannin garin nan."

"Ranka ya daɗe, ɗakunan baya duk sun cika," in ji manaja. "Da aka gina otal ɗin nan, keken doki ne kawai ke wucewa ta gaba. Gari ne ya zo ya same mu."

Gagarau ya matso, ya ajiye makullinsa a kanta, tagullar ta yi ƙara.

"Ɗana, kwandastan nan, muryarsa na kaiwa har kan gado?"

Injiniya ya juyo. "Har banɗaki, Baba."

"Da hon?"

"Kamar a cikin kwanyata."

"Masu gyaran taya fa?"

"Suna tsallaken titi, da injin ba da iska."

Gagarau ya lumshe ido kamar an ambaci nama. "Ga nawa. Can baya ne, shiru kamar an yi rasuwa. Ba ni naka."

Injiniya ya dubi manaja, manaja ya dubi tsoho. Kafin wani ya yi magana Auta ta shigo da kwanon abinci a leda, ta gan shi tsaye, ta tsaya cak.

"Baba, me na ce maka?"

"Ba labarin gada nake bayarwa ba. Ciniki nake."

Da ta ji cinikin, sai da ta ajiye ledar. Ta ce ba za a yi ba. Ai barci nas ta ce ya yi, shi kuma zai je ya kwanta a kan shataletale? Ta roƙi manajan nan har kunya ta kama ta kafin ta samu ɗakin, yanzu a gabansa za a mayar masa da shi? Ta ce ita dai so take ya ga fuskar jikarsa, wadda tun da aka haife ta da hannu kawai ya san ta.

Gagarau ya lalubo kafaɗarta ya dafa.

"Auta, kin yi abin da 'ya ta gari ke yi, Allah ya yi miki albarka. Amma ɗakin nan naki na masu ilimi ne. Ni in na ji shiru, jikina cewa yake mota ta mutu, tashi ka yi gadi. Ba ya jin rarrashi. Ki ba ni zuwa la'asar. In ban yi barci ba, ki kai ni lambun ki ɗaure ni a bishiya."

"Malama, in kin yarda, ni zan kwashe kayan da kaina," in ji Injiniya da sauri. "Har nasa."

Ta dube su su biyu, kowa na kwaɗayin abin da ɗayan ke gudu, dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba. Manaja ya sauya makullan.

Ɗakin gaba ya fi ƙanƙanta, kuma rana ta gasa shi. Gagarau ya je taga kai tsaye, ya ture ƙyauren katakon waje. Gari ya afko ciki gaba ɗaya: hon, birki, usur ɗin ɗan sanda, mai tallan ruwa, babur mai fasasshiyar salansa, ga kwandastan Injiniya yana ta jero unguwanni ba ya haɗiyar yawu. Hayaƙin gas ya shigo ya gaishe shi. Ya ja numfashi har ƙasan ciki.

"Yawwa. Ashe akwai mutane a garin."

Ya ci abincin marar gishiri ba tare da ya zage shi ba, abin da ya ba Auta mamaki. Sannan ya janyo bargo daga kan gado ya shimfiɗa a ƙasa daidai ƙarƙashin taga, ya miƙe, ya rufe fuska da hula. Ya fara gaya mata cewa waccan bas ɗin da ke tashi direbanta sabon hannu ne, ji yadda yake sakin kuloci, amma bai kai ƙarshen maganar ba. Auta ta zauna a bakin gado da yatsu a kunne tana kallon cikinsa na hawa yana sauka. Can sai munsharinsa ya tashi, ya shiga cikin na motocin, har ya fi wasunsu.

Da ƙyar ta tashe shi da yamma. Ya wanke fuska, ya yi salla, suka taka zuwa asibiti, yana gaba tana riƙe da gefen rigarsa, wai shi ne ke tsallakar da ita.

Nas ta naɗa abin awo, ta matsa. Auta ta ƙura wa fuskarta ido, ko numfashi ba ta yi. Nas ta duba, ta saki iskar, ta sake matsawa don ta tabbatar.

"Ya sauka. Baba, ka ji magana ke nan. Gobe da sassafe, kai ne na farko. Kar ka ci komai kafin ka zo."

Auta ta sulale kan benci ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya take ko kuka ba. Gagarau ya warware hannun rigarsa a hankali, ya gyara zaman hula.

"Ki gaya wa likita ya yi barci da wuri," ya ce. "Idon da zai taɓa gobe ba ƙaramin ido ba ne."