Gangar Marusa

Shekara shida ina taya ƙanena yi wa baƙi ƙarya. Haka dai na zata.

Gidan abincinmu yana bakin gaɓa, inda masu yawon buɗe ido ke cincirindo da yamma don kallon faɗuwar rana, sai ka ce a garinsu ba ta faɗuwa. Ni ce a kicin, ƙanen nawa Stamatis shi ne mai baki. In sun gama zagayen coci-coci da hawan jakuna, sun ci gasasshen kifi da cuku da soyayyen tumatir, sai ya kira ni in fito da giya mai zaƙi a ƙananan kofuna. Ya dafa ƙirji ya ce musu wannan ce giyar ƙarshe da mahaifinmu ya taka inabinta da ƙafarsa. Ni kuwa in sunkuyar da kai kada dariya ta ƙwace mini.

"Kai dai ba ka tsoron Allah," nakan ce masa. "Giyar kanti za ka liƙa wa Baba?"

"Yaya, labari suka zo saye. Giyar ai gyara ce."

Na san inda ta Baba ta gaske take. Tana kogon da ke ƙarƙashin gidan, a ganga guda, an liƙe bakinta da kakin zuma. Shekarar da na haifi Marusa ya shanya inabin kwana goma sha biyu, ya taka, ya ɗura, ya rubuta sunanta a jiki. Irin wannan ganga ba a buɗe ta sai auren yarinyar. Shi kuwa bai ga kakar inabi ta gaba ba. Mabuɗin kogon yana hannun Stamatis, don gwiwata ba ta shiri da matakala.

Saura kwana uku bikin Marusa, da hantsi, na lallaɓa na sauka tare da uban ango, dattijo Lefteris, mu ɗanɗana kamar yadda aka saba. Kakin yana nan lafiya lau. Na fasa, na tara kofi. Giyar da ta shekara ashirin da huɗu baƙa take fitowa, da kauri kamar zuma. Wannan tsararo ce, kana hango gindin kofin.

Lefteris ya shinshina. Ya zura hannu bayan gangar, ya laluba, ya taɓo wani ɗan itace da aka toshe huda da shi.

"Evdokiya, wannan sabuwa ce," ya ce a hankali. "Ta baya aka shiga gangar nan."

Ban san lokacin da na haye matakalar ba. Na tarar da Stamatis yana goge kofuna. Na dire masa nawa a gabansa, ya kalla, ya ajiye tsumman.

"Da kofi ɗaya na fara, Yaya. Wani baƙo ne ya raina giyar tsibirinmu, zuciya ta ɗebe ni. Da ya sha sai ya yi tsit, ya je ya baza labari, jirage suka dinga juye mana mutane suna tambayarta. Sai na juye ta a tuluna, na cika gangar da sabuwa."

"Ina tulunan?"

"Na ƙarshe ya ƙare watan jiya."

"Gadon yarinyar ka shayar da mutanen da ko sunan Baba ba su riƙe ba?"

"Ban ɓoye miki ba fa. Kullum a gabanki nake faɗa."

Wannan maganar ta fi satar ƙona mini rai. Gaskiya yake gaya wa baƙin da zai gani sau ɗaya a duniya, ni da muka sha nono ɗaya ya bari ina dariya. Da hannuna na ɗauki tiren, da bakina na ce musu a sha lafiya. Ban zage shi ba. Na kwance ƙyallen kicin da ke ɗaure a ƙuguna na ajiye masa a kan teburin.

A ƙofa na ci karo da Marusa, ta dawo daga wurin tela da rigar aure a hannu.

"Mama, kun buɗe? Yaya giyar Kaka, da zaƙi?"

Ni kaina ban sani ba. Shekara shida ban taɓa kai kofin nan bakina ba, wai ni ba na shan ta kanti. Ragowar da baƙi ke bari kuwa, ni nake haɗawa da ƙayar kifi in sheƙar a kwata.