Lakar da Ta Ƙi Bushewa

A cibiyar binciken ruwa da ƙasa ta jami'ar, kowa Dakta yake ce mata. A gida kuwa Auta ce, duk da furfurar da ta fara leƙo mata. Aikinta na wannan shekarar duk a kan laka yake. Fari ya ja ruwan babban dam ɗin da birnin ke sha ya yi ƙasa, sai ita da abokin aikinta, wani malami da ake kira Dogo, suka yi ta shiga kwalekwale suna cusa bututu a ƙasan ruwan suna zaro laka. Suka kawo ta ɗakin gilashi na cibiyar, inda ake rainon tsirrai, suka shimfiɗa ta a tire-tiren roba a kan dogayen tebura. So suke su ga ko irin ciyayin da ruwa ya binne tun kafin a haife su yana da sauran rai.

Auta ta san ƙauyen iyayenta yana ƙarƙashin wannan ruwan. Amma bayan an taso da mutane aka haife ta, don haka abin bai taɓa tsaya mata a rai ba.

Mahaifiyarta, Inna, a wurinta take zaune. An kwana biyu mantuwa ta kama tsohuwar. Ba ta magana sai an matsa mata, abinci ma sai da lallashi. Da matar da ke kula da ita ta tafi jinyar mijinta, Auta ta rasa inda za ta bar ta, sai kawai ta sa ta a mota suka tafi wurin aiki tare.

Suna shiga ɗakin gilashin, Inna ta tsaya cak. Ɗumi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sun cika wurin, manyan fankoki na ta gurnani a bango. Ta ja dogon numfashi.

"An yi ruwa a gida," in ji ta.

Auta ta juyo da sauri. Rabon da ta ji muryar nan ta fita tar haka, har ta manta.

Inna ta bi tebura tana taɓa bakin tire-tiren ɗaya bayan ɗaya, inda 'yan tsirrai suka fara ɓullowa. "Nan ƙofar gidan maƙeri ce. Nan kuma hanyar rijiya."

Dogo ya yi dariya. "Inna, ai sai mu ɗauke ku aiki, a sallami Dakta."

Ba ta kula shi ba. Ta kai ƙarshen ɗakin, inda wani tire yake shi kaɗai a lungu, ko tsiro ɗaya babu a cikinsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta gyara zaninta a kan gwiwoyinta.

"Ashe nan kike," ta ce a hankali.

Tiren nan dama yana ba Dogo ciwon kai. Da ya ga bai fitar da komai ba, sai ya daina yi masa ban-ruwa, yana jira lakar ta bushe ya auna ta. Sauran, in aka tsallake su yini guda, sai su fara tsagewa. Wannan kuwa kullum sheƙi yake yi kamar yanzu aka zaro shi daga dam. Ya duba rufi bai ga yoyo ba. Ya sauya masa tebur. Ya ɗora shi a sikeli, ya tarar nauyin ƙaruwa ma yake yi kaɗan-kaɗan. Rannan ya ɗebi cokali guda ya sa a na'urar busar da ƙasa. Ta fito fara fat, da zafinta. Kafin ya kai ta ƙofar ɗakin gwaji ta sake yin baƙi a hannunsa, ta yi sanyi.

"Dakta, ni dai karatuna bai kai nan ba," ya ce, yana goge tafinsa a jikin riga. Ya so ya mai da abin wasa, amma dariyar ba ta fito ba.

Inna kuwa sai ta murmure. Da safe ita ke riga Auta shiryawa, ta tsaya a jikin mota tana jira. Tana cin abinci ba gardama, sai dai duk abin da aka ba ta sai ta raba shi biyu, ta ajiye rabi a gefen tiren. Yini take a lungun nan tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, tana jijjiga ƙafa. In an tashi aiki, Auta takan tarar zanin Inna ya jiƙe. Da farko ta ɗauka tsufa ne ya kai ga haka, ta riƙa sauya mata a ɓoye don kada ɗalibai su gani. Daga baya ta lura jiƙewar ta sama ce, a kan cinya, zagaye, daidai faɗin mazaunin ƙaramin yaro. Warin laka take yi.

Wani yammaci ta durƙusa gabanta. "Inna, tashi mu tafi gida."

Inna ta dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Sannu da aiki, malama."

"Inna, ni ce fa. Auta. 'Yarki."

"A'a, baiwar Allah. 'Yata ɗaya ce, ga ta nan." Ta shafa iska a saman cinyarta, tafinta ya lanƙwasa kamar ya sauka a kan wani abu.

Washegari Auta ta kira wanta a waya. Yaya, mai shagon kayan gini, ya rufe shago ya zo da tsakar rana. Ya leƙa ta gilashi ya hango mahaifiyarsu a lungu, ya ƙi shiga. Suka tsaya a inuwar tankin ruwa, ta kwashe komai ta gaya masa.

Da ta gama, ya ce, "Daga wane gefe kuka ɗebo lakar?"

"Dogo ya ce can yamma, inda kututturan itatuwa suka fito."

"Bayan gari ke nan." Ya cire hula ya share gumi. "Auta, akwai wata tsakanina da ke. 'Yar Baba muke ce mata. Zazzaɓi ya ɗauke ta ana gab da zuwan motocin da suka kwashe mu. An ce za a dawo a tashi kaburbura, ruwa ya riga kowa."

"Kuma ba wanda ya taɓa gaya mini?"

"Inna ce ba ta iya jin sunan. In an ambata sai ta yini a ɗaki. Muka bari." Ya sake kallon gilashin. "Yarinya ce mai son cinya. In ta hau, sai an yi da gaske take sauka. Ki mayar da abin nan inda kuka ɗauko shi."

"Yaya, ba ka ga yadda take cin abinci ba? Har dariya take yi."

"Na gani. Na kuma ji ba ta san ki ba."

Auta ta yi kwanaki tana juya maganar. Ta gaya wa kanta cewa wata laka haka take, tana jan danshi daga iska, kuma tsohuwa mai mantuwa tana iya riƙe komai ta mai da shi ɗa. Ta kusa yarda da kanta.

Ranar da mai kula da Inna ta dawo, aka bar tsohuwar a gida tana ta fushi. Da azahar kowa ya fita cin abinci, Auta ta shiga ɗakin gilashin ita kaɗai don duba tsirrai. Rana ta ƙwalle, ko'ina haske. Ƙafarta ta gaji, ta zauna a kujerar Inna ba tare da ta yi tunani ba. Ba ta daɗe ba ta ji wani abu ya dafa gwiwarta, sannan nauyi ya hau cinyarta a hankali, ya ɗan mutsa yana gyara zama. Ba nauyi mai yawa ba ne. Sanyi ya ratsa rigarta. Ta dubi cinyarta ba ta ga komai ba, sai yadin da ke yin duhu yana jiƙewa. Ta kasa ihu, ta kasa motsi. Abin ya jingina da ƙirjinta na ɗan lokaci, sannan, kamar ya gane ba wannan yake nema ba, ya zame ya sauka.

Da Dogo ya dawo ya tarar da ita tsaye a waje cikin rana. Ya dubi rigarta.

"Gobe za mu dam," ta ce.

"Sai in rubuta cewa tiren ya faɗi ya zube," in ji shi.

Washegari su biyu suka cicciɓi tiren zuwa mota, suna nishi. Mai kwalekwale ya kai su wajen kututturan, suka karkata tiren, lakar ta sulale ta nutse. Auta ta yi addu'a a ranta. A hanyar dawowa Dogo ya yi ta surutu a kan lalacewar titi, ita kuwa tana ta tunanin yadda za ta gaya wa Inna.

Ta same ta a baranda, zaune a kan tabarma, fuska a sake.

"Auta, kin dawo? Dubi yadda rana ta dafa ki."

Auta ta durƙusa ta riƙe hannunta, hawaye ya cika mata ido. "Inna, kin gane ni?"

"Yo me zai hana in gane ki? Kin wahalar da kanki a banza ne dai. Ai jiya ta biyo ki a mota. Da ba ta gan ni can ba, sai ta zo da kanta."

Auta ta sauke ido a kan zanin Inna, ta ɗauke kai.

Daga nan Inna ba ta ƙara neman zuwa cibiyar ba. Ta ci gaba da cin abinci, wata rana ta gane Auta, wata rana ta kira ta malama. Mai kula da ita ba ta rufa mako ba ta ajiye aikin, ta ce nisa ya yi mata yawa. Yaya in ya zo, daga bakin ƙofa yake gaisuwa. Sauran tire-tiren suka fitar da ciyayi iri-iri, har da waɗanda aka daina gani a yankin, cibiyar ta sha yabo, amma Auta ta bar wa Dogo sauran aikin ta koma sashen auna iska.

Wata safiya tana shanya zannuwan Inna, maƙwabciyarta mai ɗinki ta leƙo ta kan katanga.

"Dakta, na daɗe ina son in tambaye ki. 'Yar wa ce ke zama da Inna a baranda in kin fita? Kullum sai na yi mata magana, ko ɗago kai ba ta yi."

Auta ta matse zanin da ke hannunta, ta baza shi a kan igiya.

"Yayata ce," ta ce.

Mai ɗinki ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai, Dakta, ke dai ba ki rabo da barkwanci." Ta koma kan kekenta, Auta kuma ta sunkuya ta ɗauko zani na gaba.